Ƙwallon guragu da yashin ƙauye

A garinmu, cikin ƙasar Ringim, wuri ɗaya ne tak yake da daɓen siminti mai faɗin da za a yi wasa a kai, wato dandamalin shanyar shinkafa da ke bayan injin casa. Idan kaka ta wuce, buhuna suka tafi kasuwa, wurin yakan koma hannun wasu samari huɗu da shan inna ya taɓa tun suna goye. Da an sauko daga sallar la'asar za ka gan su. Kowa yana zaune a kan ɗan katako wanda bai fi faifai biyu ba, an kafa masa boris huɗu a ƙasa, an naɗe samansa da tsohon soso da robar tayar babur. Silifa a hannu suke sawa. Da hannu ake tuƙi, da hannu ake birki, da shi kuma ake dukan ƙwallo. Gudun da suke yi a kan simintin nan sai wanda ya gani, har ƙarar boris ɗin tana kaiwa bakin masallaci. Amma da zarar ƙwallo ta fita, wani ya bi ta ya sauka daga daɓen, nan take katakon zai nutse a yashi ya tsaya cak, sai yara 'yan kallo su ɗauko masa ƙwallon, wani lokaci su ɗago shi da katakon su mayar.

Babban cikinsu ne ya kawo wasan. A Kano ya gani, shekarar da ya tafi cin rani, ya dawo ya kwatanta wa mai walda yadda ake yin katakon. Wasan kuwa namu ne na gida. Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan inna ya shanye wa ƙafa, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, yau tana da hukumarta ta ƙasa, kuma ƙungiyar Rotary ta daɗe tana tallafa wa gasar da ake yi dab da Ranar Yaƙi da Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Duk da haka samarin nan huɗu ba su taɓa ganin koci ba, ba su taɓa karawa da wani gari ba, kuma ba su da suna a rajistar kowa. Tsakanin ofisoshin ƙungiyoyin da aka kafa domin wasannin masu buƙata ta musamman da dandamalin shanyar shinkafa akwai tazara, kuma ina ganin tazarar tana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa.

Tsarin da duniya take kwaikwaya daga Ingila ya fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita mai suna Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus da ya yi gudun hijira, yana kula da sojojin da suka sami rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville. A wancan zamani wanda ya karye a gadon baya kwanciya kawai yake yi har gyambon kwanciya ko ciwon mafitsara ya ƙarasa shi. Guttmann ya sa motsa jiki cikin magani. Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da ake buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan keken guragu a harabar asibitin. Daga nan abin ya yi ta girma har 1960, lokacin da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka haɗu a birnin Rum, wadda ita ake lissafawa a matsayin gasar nakasassu ta duniya ta farko. A lura da inda abin ya faro: a gefen gadon majinyaci, da niyyar mutum ya rayu ya koma cikin jama'a. Lambar zinare daga baya ta zo.

Yau a Birtaniya akwai ƙungiyoyin agaji na ƙasa da suka raba aikin bisa irin larura. WheelPower tana kula da masu keken guragu, kuma mazauninta yana nan Stoke Mandeville ɗin. British Blind Sport, wadda aka kafa a 1975, ta makafi ce. LimbPower ta waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa ce, akwai ta kurame, akwai ta wadanni, akwai ta yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa har gaɓoɓi suka sandare. Abin da ya ja hankalina shi ne galibin aikinsu mai ƙura ne, wanda ba ya shiga jarida: su horar da malamin firamare yadda zai sa makaho cikin wasa, su ba da aron kayan aiki, su gaya wa uwa inda kulob mafi kusa da gidanta yake, su rubuta doka guda ta wasa domin garuruwa su iya karawa da juna. Ɗaukar ɗan wasa zuwa gasar duniya aikin wata hukuma ce daban. Ƙasan tulun suke cikawa, saman yana cika da kansa, shi ya sa Birtaniya ta zo ta biyu a teburin lambobi a Rio, da Tokyo, da Paris.

Mu a nan ginin daga sama aka fara shi. Akwai kwamitin ƙasa mai kai 'yan wasa gasar nakasassu ta duniya, akwai hukumomin wasanni ɗai-ɗai irin ta ɗaga ƙarfe da ta ƙwallon masu ƙafa ɗaya, akwai reshen Special Olympics mai kula da masu ƙarancin fahimta, sannan ga JONAPWD, uwar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, wadda fafutukar haƙƙi ta fi mayar da hankali a kai. Kuma maganar gaskiya, sun fitar da ƙasar nan kunya. Najeriya ta fara zuwa gasar a Basalona a 1992, ta dawo da zinare uku. A Landan 2012 masu lafiyar ƙafa sun dawo daga Olamfik hannu rabbana, nakasassu suka ciyo lambobi 13. A Rio 2016 sun ciyo 12, takwas daga ciki zinare, alhali ɗaya ɓangaren tagulla ɗaya ya samu a ƙwallon ƙafa. A Paris 2024 aka sake maimaitawa: babu ko ɗaya a Olamfik, bakwai a gasar nakasassu, har Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 ta kafa tarihin duniya, Mariam Eniola Bolaji kuma ta zama ta farko daga Afirka da ta ci lambar wasan badminton a wannan gasa.

Sai dai wanda ya duba lambobin da kyau zai ga yawancinsu daga wasa ɗaya suke fitowa, ɗaga ƙarfe a kwance, kuma yawancin 'yan wasan daga biranen kudu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗaga ƙarfe benci yake buƙata da ƙarfe da koci ɗaya mai haƙuri, ɗaki guda ya isa. Tseren keke ko ƙwallon kwando ta guragu kuwa sai da keke na musamman da ake shigowa da shi da dala. Don haka hukuma mai ɗan kuɗi kaɗan takan zuba shi inda lamba take da tabbas, domin da lambar za ta koma wajen gwamnati da kamfanoni ta nemi na baɗi. Kuɗi yana bin lamba, lamba tana bin inda aka riga aka yi shuka. Ƙwallon guragu, wadda ita ce matasan arewa suka fi so, ba ta cikin jerin wasannin gasar duniya, saboda haka ba ta da lambar da za ta jawo mata babban kaso. Ana tuna ta a watan Oktoba saboda rigakafi, wata goma sha ɗayan da suka rage tana hannun Allah da aljihun 'yan wasanta.

Akwai kuma wani shinge da ba a cika magana a kansa ba. Kafin mutum ya shiga gasa ta hukuma sai an tantance larurarsa an sa shi a rukuni, domin kada a haɗa mai ƙarfin ƙugu da wanda jikinsa ya mutu daga ƙirji. Adalci ne, ba na jayayya. Amma tantancewar tana buƙatar takardar likita da shaidar haihuwa da kuma zuwa inda masu tantancewar suke. Yaron da aka haifa a ɗaki, wanda aka ce aljana ce ta sha masa ƙafa, aka yi ta turare da rubutu ba a taɓa kai shi asibitin ƙashi na Dala ba, da wace takarda zai fara? Ga kuɗin mota, wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka, kuma direba yakan caji kekensa kuɗin kaya.

Na taɓa ganin wata ƙungiya ta zo hedikwatar ƙaramar hukumarmu, ba zan kama suna ba. An aiko a tara nakasassu tun da hantsi. Ni na yi wa samarinmu jagora, muka ɗauki shatar a-kori-kura. Aka raba riguna masu tambari, aka yi jawabai har rana ta take, aka buga wasa na minti kaɗan a gaban manyan baƙi, aka ɗauki hotuna, aka ba mutum uku keken asibiti sabo dal. Ɗaya daga cikin kekunan garinmu ya zo. Irin mai ƙananan tayoyi a gaba ne, wanda aka ƙera domin tayil ɗin asibiti. A lungunanmu sai mutum biyu sun tura shi, kafin damina ta fita tayar gaba ta balle, mai faci ya juya ta ya ce bai taɓa ganin irin boris ɗinta ba. Yanzu kaji ne suke kwana a kansa. Ban ce mutanen nan mugaye ba ne, na ga wata daga cikinsu tana share hawaye. Abin da yake damuna shi ne rahoton da za su kai wa mai ba su kuɗi yana ƙirga kawunan da suka halarta ne a rana ɗaya, babu layin da yake tambayar mutum nawa ne suke wasa bayan wata shida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ba wanda ya tambaye mu. Da an tambaya, buhunan siminti za mu ce, da ƙwallo biyu, da kuɗin motar zuwa garin maƙwabta sau ɗaya a wata. A Kano ma akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, da suka shekara da shekaru suna ƙera keke mai taya uku na tuƙin hannu da kayan keken hawa, irin wanda kowane mai gyara a ƙauye zai iya kwancewa ya ɗaura.

Matsala mafi nauyi a cikin gida take. Ƙaramin cikin samarin nan, wanda duk ya fi su hannu, ya ɗauke ƙafa daga dandamali na wani lokaci, sai na je wajen mahaifinsa. Na same shi yana saƙar asabari a zaure. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yaron nan fa Allah ya yi masa baiwa, a bar shi ya riƙa zuwa." Ya ajiye abin hannunsa ya ce, "Malam, ni ma ina jin daɗi in na ji ana kiran sunansa. To amma ranar Lahadi Gujungu yake zuwa, ranar Juma'a ƙofar masallaci. Abin da ya samo da shi ake cefanen kwana uku. In ya gurje hannu a siminti, da me zai ja jiki? Kai za ka cike mana?" Ban sami amsa ba. Duk wanda yake tsara wasannin nakasassu daga Abuja ko Legas, bai sa bara cikin lissafinsa ba, lissafin bai cika ba. A gidaje da yawa naƙasasshe shi ne mai kawo tsabar kuɗi a watannin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Gwamnatin Jigawa ta gane wannan tun zamanin Sule Lamido, da ta fara biyan wasu nakasassu alawus na naira 7,000 a wata domin su bar titi. Tunanin daidai ne, sai dai adadin mutanen da ya kai gare su kaɗan ne, kuma tsadar rayuwa ta cinye darajarsa. Abin da muka yi a ƙarshe mai sauƙi ne: aka daina atisaye ranar kasuwa da jajiberinta, aka sayo masa safar hannu ta masu walda. Ya dawo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da tsari tun kaka da kakanni wanda Turawa sai da suka zauna suka ƙirƙiro irinsa. Kusan kowace gunduma tana da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da Sarkin Bebaye, naɗin hakimi ko na sarki, kuma kowannensu ya san mutanensa gida-gida, har yarinyar da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki. Masarautun Jigawa biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, duk suna da wannan sarƙa. Da irin wannan hanya ta sarakuna da dagatai da masu unguwanni aka ci shan inna bayan tirjiyar 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano har sai tsakiyar 2004. Ƙungiyar ƙasa da take son sanin inda 'yan wasa suke ba ta buƙatar hayar masu ƙidaya, gaisuwa kawai za ta kai wa Sarkin Guragu. Na san za a ce wasu daga cikin sarakunan nan da bara sarautarsu take tsaye, don haka ba za su so abin da zai janye mabiyansu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda aka tsallake shi ne yake zama cikas. Wanda aka ba kujera a gefen fili, aka ce shi zai miƙa kofi, yakan zama uban tafiya. Haka nan kowane ƙauye yana da kulob ɗin ƙwallon samari da kocinsa na sa-kai. Horon kwana uku ya ishi irin wannan koci ya san cewa kurame ƙyalle ake ɗaga musu maimakon usur, kuma ƙwallon da aka ɗaure cikin leda tana ƙara yadda makaho zai bi ta da kunne.

To kuɗin fa? A Birtaniya babban kaso yana fitowa daga cacar ƙasa da aka fara a 1994, hanyar da ba za ta karɓu a wajenmu ba, kuma bai kamata ta karɓu ba. Muna da abin da ya fi ta tsarki. Kwamitin zakka na masarautar Dutse ya yi suna wajen tara hatsi da dabbobi gunduma-gunduma, Kano kuma tana da hukumar zakka da hubusi. Sai dai a yi hattara, zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, kuma malamai da yawa ba za su yarda a zuba ta a daɓen fili ba. Keke ga gurgu matalauci yana iya shiga, tunda mallaka masa za a yi. Fili da siminti da rumfa kuwa waƙafi ne ya dace da su, sadaka mai gudana, kamar yadda ake haƙa rijiya. Ban taɓa jin limamin da ya kawo wannan misali a huɗuba ba, alhali tarihinmu cike yake da hujja. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, shi ne ladani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa. Amru ɗan Jamuh da ɗingishinsa ya fita Uhudu. Ta fuskar doka ma akwai madogara: dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024. Filin wasa da makarantar firamare suna cikin gine-ginen jama'a, kuma ƙungiyar ƙasa tana da bakin da za ta tuna wa shugabannin ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa.

Wani abu kuma yana sauyawa a ƙarƙashin ƙafarmu, ban ga alamar an shirya masa ba. Rabon da a sami shan inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar, a Najeriya tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Alhamdu lillahi. Ma'anarsa, samarin dandamalinmu suna cikin sahun ƙarshe na masu irin larurarsu, nan da wasu shekaru masu hawa katako za su yi ƙaranci. Nakasa kuwa ba ta ƙare ba, kama ta sauya. Yanzu abin da muke gani shi ne matashin da babur ya kayar, aka kai shi wajen mai ɗori, ƙafa ta ruɓe aka yanke. Ga yaron da naƙuda ta yi tsawo ya fito jikinsa a sandare, ga wanda sanƙarau ko ƙyanda ta tafi da jinsa, ga mai amosanin jini da ƙugunsa ya lalace. Kowannensu wasansa daban. Ƙwallon masu ƙafa ɗaya, misali, da sanduna biyu ake yin ta, mutum bakwai-bakwai, mai tsaron gida mai hannu ɗaya, kuma ba ta buƙatar siminti, filin makaranta ya wadatar. 'Yan wasan Najeriya sun je gasar duniya ta wannan wasa a Meziko a 2018 da gudummawar jama'a. Mu da muka tashi muna langa, muna tsalle da ƙafa ɗaya a dandali da farin wata, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wajenmu ba.

'Yan mata su ne ba a gani sam. Uba zai iya barin ɗansa ya ja jiki a bainar jama'a, 'yarsa kuwa yana tsoron idon mutane da abin da zai hana ta miji. Ba na tsammanin jawabi zai sauya wannan. Abin da zai yi aiki shi ne wasa a cikin katangar makaranta ko Islamiyya, a hannun malama mace, irin ƙwallon tebur ko ƙwallon raga ta zaune, wadda igiya da tabarma sun isa a fara. Makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano da ta kurame a Haɗeja suna da malaman da suka san hannun yaran nan, su ya kamata a fara horarwa, su kuma su horar da na ƙauye.

Bana mai injin casa ya ce zai ƙara faɗin dandamalin saboda shinkafar rani ta ƙaru, kuma ya yarda samarin su ci gaba da amfani da shi in babu shanya. Mun roƙe shi a shafe bakin daɓen ya gangara, kada a bar shi da gaɓa, ya ce a kawo buhu biyu na siminti shi zai biya magini. Kulob ɗin samari sun yi karo-karo sun sayi ɗaya. Akwai labarin wasu guragu uku a wani gari da ke hayin kogi waɗanda su ma suna da katako, an aika musu ta bakin Sarkin Guragu cewa in ruwa ya janye su zo a kara, za mu biya kuɗin kwalekwale.